Yadda ake kama hayar babban gida a tsaunukan Sikotland don hutun dangi

Karon farko da na kama wa danginmu gida a tsaunukan arewacin Sikotland, hoto ne ya ruɗe ni. Gidan dutse a gindin tsauni, tafki shimfiɗe a gabansa, an rubuta yana ɗaukar mutum 16. Mu 15 ne, na ce shi ke nan, har da rara. Sai da muka isa bayan la'asar, Hajiya ta tsaya a gindin matakala dafe da gwiwa, ta ɗaga kai ta ƙare wa benen kallo, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Yanzu nan za ka sa in riƙa hawa da sauka?" Babu ɗakin kwana ko ɗaya a ƙasa. Katifa muka sauko da ita muka shimfiɗa mata a ɗakin karatu har mako ya ƙare. Ba ta sake tada maganar ba, ni kuwa ban manta ba.

Laifin ba na gidan ba ne. Da yawa daga cikin manyan gidajen nan an gina su ne domin mafarauta. Tun da Sarauniya Biktoriya da mijinta suka sayi gida da gandun Balmoral a tsaunukan nan a 1852, attajiran Ingila suka ɗauki al'adar hawowa arewa da kaka su harbi barewa da tsuntsaye, suka yi ta gina gidajen saukarsu a ƙarshen kwaruruka inda ba kowa. Shi ya sa za ka ga falo kamar fada, da kawunan barewa rataye a bango, da ɗakin shanya rigunan da ruwa ya jiƙa, amma ɗakunan kwana suna sama, wasu ma can ƙarƙashin rufi inda barori ke kwana a da. Wanda ya zana gidan bai san da tsohuwa mai ciwon gwiwa ba, bai san da suruki da ba zai haɗa ƙofar banɗaki da matar ɗansa ba. Aikinka kenan ka auna gidan da mutanenka tun kafin ka biya sisi.

Na farko: ƙirga ɗakuna, kada ka ƙirga kawuna

Ɗauki takarda ka rubuta sunan duk wanda ya ce zai zo, sannan ka raba su yadda za su kwana a gida. Kowane ma'aurata ɗaki. Dattawa kowa ɗakinsa, a ƙasa. 'Yan mata ɗaki, samari ɗaki, ƙananan yara tare da iyayensu ko a ɗakin da ke maƙwabtaka da nasu. Adadin da ya fito shi ne abin da za ka nema. Mu 15 ɗin nan ɗaki takwas muke bukata, gidan kuwa bakwai gare shi, kuma cikin "mutum 16" ɗin har da gadaje masu hawa biyu guda biyu da kujerar falo da ake buɗewa ta zama gado. Haka suke ƙirge, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Sai banɗaki. Mutanen da ke alwala sau biyar a rana, kuma duk a lokaci guda, suna bukatar banɗaki fiye da yadda Bature ke lissafi. Ni ma'aunina shi ne banɗaki ɗaya ga mutum huɗu, kuma aƙalla ɗaya mai shawa a ƙasa. Duba hotunan da kyau: tsofaffin gidaje da yawa kwamin wanka kawai gare su, wanda sai an ɗaga ƙafa an tsallaka, kuma har yanzu ana samun banɗaki mai kafet. Buta da kafet ba sa shiri.

Falo biyu ya fi falo ɗaya ƙato. Mata za su so inda za su cire mayafi su miƙe ƙafa, maza su sami inda za su yi musun siyasa, kuma ɗaya daga ciki zai zama wurin jam'i. Idan akwai wanda ba ya son salla a ɗakin da ke da kawunan dabbobi ko hotuna, nemi ɗakin da ba su tun a hoto. Duba teburin cin abinci ma, ka ƙirga kujerun.

Wannan takardar ka tura wa kowa ya gani ya amince. Rigimar "don me aka ba su ɗaki mai kallon tafki" gara a yi ta a waya wata shida kafin tafiya.

Na biyu: gabas ko yamma

Ga iyalin da ba su taɓa zuwa ba, zaɓi biyu ne na gaske.

Yamma ita ce ta hoto. Hanyar A82 tana tashi daga Glasgow ta bi gefen tafkin Lomond, ta ratsa fadamar Rannoch, ta shiga kwarin Glencoe, ta kai Fort William a gindin Ben Nevis, tsaunin da ya fi kowane tsayi a Birtaniya, mita 1,345. Kusa da nan akwai keken igiya na Nevis Range da ke ɗaga mutane zuwa mita 650 a jikin Aonach Mòr, wanda tsoho da yaro duk za su iya hawa, ga kuma gadar jirgin ƙasa ta Glenfinnan mai baka 21. Sai dai yamma ita ke tarar giragizan da ke tasowa daga tekun Atlantika. Fort William na cikin garuruwan da suka fi shan ruwan sama a ƙasar, kuma nan ne matattarar ɗan ƙwaron nan da zan yi magana a kansa.

Gabas, wato yankin Cairngorms, ta fi bushewa. An mai da shi gandun ƙasa a 2003, kuma shi ne mafi girma a Birtaniya. Garin Aviemore yana kan babbar hanyar A9, yana da tashar jirgin ƙasa, da manyan kantuna, kuma birnin Inverness kimanin mil 30 ne daga nan. Cikin 'yar tafiya kaɗan akwai tafkin Morlich mai yashi a bakinsa kamar bakin teku, da garken barewar ƙanƙara a Glenmore, waɗanda aka kawo yankin tun 1952, da gandun namun daji a Kincraig, da tsohon jirgin ƙasa mai hayaƙi na Strathspey, da tafkin Loch an Eilein wanda ake zagayawa a ƙafa, kilomita biyar a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ana hangen kangon wata tsohuwar fada a tsibiri.

In ra'ayina kake so, idan akwai dattawa da ƙananan yara, kama gida a gabas, ka ware yini guda ka kai su yamma su ga Glencoe. Idan duk majiya ƙarfi ne, yamma ta fi birgewa.

Kowane ka zaɓa, auna nisa da minti, kada ka auna da mil. Gidan da aka ce mil 12 ne daga gari, in hanyar 'yar siririya ce mai ɗaukar mota ɗaya, rabin sa'a ce zuwa, rabin sa'a dawowa, a kan burodi. Ka kuma san asibitin da ya fi kusa: Raigmore a Inverness shi ne babba, Belford kuma a Fort William.

Na uku: wata

Makarantun Sikotland suna hutu daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Agusta, na Ingila daga wajen ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Inda hutun biyu suka haɗu nan farashi ke kai ƙarshe. Makonni biyun ƙarshe na Agusta sukan ɗan sauƙaƙa don yaran Sikotland sun koma aji, kuma sun dace da dogon hutun 'yan makarantar Najeriya. Mayu da farkon Yuni sun fi kowane lokaci daɗi in babu matsalar makaranta. Oktoba tana da kyau, ganye ya yi ja da ɗorawa, amma sanyi ya fara cizo.

Kada kalmar bazara ta yaudari wanda ya taso daga Kano. Ranar Yuli a can zafinta yakan tsaya wajen digiri 15 zuwa 18, wato kamar safiyar hunturu, ga yayyafi ba sallama.

Ɗan ƙwaron da na ambata suna kiransa mij. Bai kai ƙwayar gero ba, amma a dubbai yake zuwa, daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba, ya fi tsanani a Yuli da Agusta, da asuba da almuru, a ranar da iska ta kwanta. Ba ya sa zazzaɓi kamar sauro, ƙaiƙayi kawai, amma ya isa ya kore ku daga tsakar gida da farantin abinci a hannu. Iska kaɗan tana korarsa, don haka gidan da ke kan tudu a sarari ya fi wanda ke ɓoye cikin itatuwa a bakin ruwa. Ana sayar da maganin shafawa mai suna Smidge a kusan kowane kanti a yankin.

Sai maganar salla, wadda mutane ke mantawa sai sun isa. A ƙarshen Yuni rana tana faɗuwa a Inverness wajen ƙarfe 10:20 na dare, ta fito wajen 4:20, kuma tsakanin nan sama ba ta yin baƙi sosai. Shafaƙi bai gama ɓacewa ba alfijir ya taso. Manhajojin waya kowace da lissafinta, har ka ga mutum uku a falo ɗaya da lokacin lisha uku. Akwai masallaci a Inverness. Ɗauki jadawalinsu ku bi gaba ɗaya, kuma ka tambayi malaminku tun a gida yadda za ku yi. A Disamba abin juyewa yake, rana ta fito kusan ƙarfe tara ta faɗi uku da rabi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar an kora su. Alƙibla tana kudu maso gabas.

Na huɗu: nema, da tambayoyin da za ka aika a rubuce

Manyan gidaje kaɗan ne, masu nema da yawa. Na watan Agusta akan kama su wata tara zuwa shekara kafin lokaci. Za ka same su a Airbnb da Vrbo da Booking.com, da kamfanonin dillancin gidajen hutu irin su Sykes da Cottages and Castles, da shafin hukumar yawon buɗe ido ta VisitScotland. In ka ga wanda ya kwanta maka, nemi sunansa daban a intanet, don sau da yawa mai gidan yana da shafinsa kuma farashin ya bambanta.

Abu na farko da za ka duba shi ne lambar lasisi. Sikotland ta fara dokar lasisin gidajen hayar ɗan lokaci a Oktoban 2022, kuma dole ne mai gida ya sa lambarsa a jikin talla. Lasisin yana nufin an cika sharuɗɗan wutar lantarki da gas da ƙararrawar gobara, kuma yana ƙayyade iyakar mutanen da za su kwana. Tallan da ba lamba, wuce shi. Iyakar nan kuma ba ta da "ai yaro ne". Tambayi ko ana ƙirga jarirai, ka kuma faɗa tun farko idan 'yan uwa daga Glasgow za su leƙo yini, don mu mun san yadda leƙowa ke zama kwana.

Daga nan ka rubuta wasiƙa ɗaya mai ɗauke da tambayoyin nan, ka ajiye amsar.

Nemi zanen gidan mai nuna ɗakuna da hawa. Tambayi matakala nawa ne daga mota zuwa ƙofa. Tambayi ko kuɗin ɗumama gida da lantarki suna cikin haya, don gidajen nan da mai ko gas na tanki ake ɗumama su, kuma wasu suna karanta mita ranar fita. Mu da za mu kunna hita a Yuli, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Tambayi itacen murhu, da zannuwan gado da tawul, da gadon jariri.

Tambayi irin murhun girki. Tsofaffin gidaje suna alfahari da wani ƙaton murhun ƙarfe mai suna Aga, wanda irin na da ba a kashe shi, kuma ba shi da maɓallin ƙara wuta ko ragewa; faranti biyu ne masu murfi, ɗaya mai tsananin zafi, ɗaya mai sauƙi, sai dai ka matsar da tukunya. Yana da daɗin jingina in an dawo daga sanyi, amma matar yayana ta yi kwana biyu tana faɗa da shi kafin tuwo ya yi yadda take so. Nemi gidan da ke da murhu na biyu na yau da kullum. In kuma murhun lantarki ne na gilashi mai aiki da maganaɗisu, tukunyar dalma ba za ta yi zafi a kai ba. Manna mayen ƙarfe a gindin tukunyarka, in ya kama za ta yi.

Tambayi ruwa. Gidaje da yawa ba sa kan famfon gwamnati, daga rafi ko maɓuɓɓuga suke ja. Tambayi sabis ɗin waya, kamfani wane ke kamawa a cikin gida, da ƙarfin intanet in akwai mai aiki daga nesa. Tambayi ko ana saukar masu karnuka, don da yawa suna yarda, kuma in haka ne ka roƙi a wanke kafet ko ka nemi gidan da ba a yarda ba. Faɗa musu kuma cewa ba ku shan giya, don al'adarsu ce su ajiye wa baƙo kwalba a kwandon maraba. Duk waɗanda na faɗa wa sun musanya da biskit da zuma ba tare da wata magana ba.

Na biyar: kuɗi da biza, wanne ke gaba

Galibi akan biya kafin alƙalami na wajen kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari ranar da aka kama, ciko kuma mako shida zuwa takwas kafin shiga, sai kuɗin ajiya na ɓarna da ake mayarwa bayan fita. Ka sani cewa dokar nan da ke ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa ba ta shafi masaukin da aka kama don takamaiman ranaku ba. Sharaɗin fasawa da ke cikin yarjejeniya shi ne kaɗai abin da kake da shi, don haka karanta shi kafin hoton tafki ya ɗauke maka hankali.

Ga inda gizo ke saƙar. Bizar ziyara ta Birtaniya ba a neman ta sai saura wata uku tafiya, kuma amsa takan ɗauki kimanin mako uku. Gida kuwa tun wata tara baya aka kama. Kenan kafin alƙalami zai fita ba a san wa zai samu biza ba. Abin da nake yi shi ne: waɗanda ke zaune a ƙasar su ɗauki nauyin kafin alƙalami a kan cewa ko su kaɗai ne za su iya biyan gidan. Masu zuwa daga gida kuma su shigar da takardunsu a ranar farko da aka halatta, domin amsa ta fito kafin ranar biyan ciko. Kada a sayi tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta shiga hannu.

Naɗa ma'aji ɗaya, ba kai ba in kai ne mai kama gida. A raba kuɗin haya bisa ɗaki, kuɗin abinci bisa kai. A ce haya fam 4,800 ce, ɗaki takwas, kowane ɗaki fam 600. Na Hajiya da na Kawu 'ya'ya su raba a tsakaninsu ba tare da an sanar da su ba. A karɓi kason kowa kafin ranar ciko, don bashin ɗan uwa bayan an ci an sha an dawo, kowa ya san ƙarshensa.

Biya ta cikin shafin da ka kama gidan, ko da katin bashi. Dokar Birtaniya ta 1974 ta ɗora wa kamfanin kati alhaki tare da mai sayarwa a cinikin da ke tsakanin fam 100 da fam 30,000, musamman in kai tsaye aka biya mai gidan. Wanda ya ce ka bar shafin ka tura masa kuɗi a asusu zai rage maka, rabu da shi. Masu zuwa daga waje su sayi inshorar tafiya mai ɗauke da lafiya, don in an kwantar da baƙo a asibiti ana cajinsa.

Na shida: hanya

Daga Edinburgh zuwa Aviemore, ko daga Glasgow zuwa Fort William, sa'a biyu da rabi zuwa uku ne a mota. Daga Landan yini guda ne cur. Akwai jirgin ƙasa na kwana, Caledonian Sleeper, da ke tashi daga tashar Euston kowane dare ban da Asabar, yana tsayawa a Aviemore da Fort William. Yara suna son sa, amma da safe zai sauke ku, gida kuma galibi sai ƙarfe huɗu na yamma ake buɗewa.

Baƙo yana iya tuƙi da lasisin ƙasarsa har wata 12, amma ƙaramar mota kawai, wadda kujerun fasinja ba su wuce takwas ba. Bas mai kujera 15 tana bukatar wani lasisi daban. Mota uku matsakaita sun fi manya biyu, saboda kaya, kuma saboda ranar da rabin gida ke son fita rabi na son barci. Nemi mai canja giya da kanta tun da wuri in ita ka saba. Doka ta wajabta kujerar yara har shekara 12 ko tsayin santimita 135.

A hagu ake tuƙi. A9 tana da kyamarori masu auna matsakaicin gudunka tsakanin wuri da wuri, don haka taka birki a gaban kyamara ba ya fisshe ka. A 'yan siraran hanyoyi akwai aljihunan kaucewa: in yana hagunka ka shiga, in yana damanka ka tsaya daura da shi a hagunka ɗayan ya shiga. Ba a ajiye mota a ciki don ɗaukar hoto. Wanda ya tsaya maka, ɗaga masa hannu. Sha mai tun tanki na rabi, ka sauke taswira a waya tun kana da sabis, ka kuma buga kwatancen mai gida a takarda, don lambar adireshi ɗaya a karkara tana iya haɗa gidajen da ke nesa da juna.

Na bakwai: cefane

Gargaɗi 'yan gida da babbar murya: ba a shiga Birtaniya da nama ko kayan madara daga Najeriya ko Nijar. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk a bar su. Naman halal a Glasgow za ku saya, unguwar Pollokshields cike take da mahauta, kuma akwai kantunan kayan Afirka a birnin. Kira mahauci kwana biyu kafin nan ya yanka ya ƙulla, ku zo da akwatin ƙanƙara, kuma ka riga ka tambayi girman firizar gidan. Shinkafa, madara, ƙwai, burodi da sabulu, sa babban kanti ya kawo har ƙofa a yammacin shiga; kama lokacin kawowa da wuri don na Juma'a da Asabar suna ƙarewa.

Daga gida a ɗauko babbar tukunya ɗaya, muciya, wuƙa mai kaifi, buta uku ko huɗu, sallaya, da silifas na banɗaki. Tukwanen gidan an dafa komai a ciki, wanda ransa bai kwanta da wankewa ba ya zo da nasa, ragar gashi kuma a shimfiɗa mata takardar dalma. Fulogin Najeriya mai ƙafa uku yana shiga soket ɗin can, na Nijar sai da mahaɗi.

A raba girki tun kafin tafiya, gida-gida, maza su ɗauki wanke-wanke da shara da gashi. In ba haka ba mata biyu za su yi mako a kicin suna hangen tsauni ta taga, su dawo sun fi kowa gajiya.

Na takwas: sa'ar farko a gidan

Kafin a shigo da kaya, mutum biyu su zaga da waya su ɗauki hoton duk tabo, tsagewa da fashewar da suka tarar, su aika wa mai gida a ranar. Nemo littafin bayanin gida ka karanta. San inda makashin ruwa da akwatin lantarki suke. Kwashe kayan ado masu fashewa ka ɗora inda hannun yara ba ya kaiwa.

Ranar da muka buɗe famfo ruwa ya fito kalar shayi, Inna ta ja da baya ta ce ita ba za ta yi alwala da wannan ba. Kawu ne ya ɗebo a kofi ya ɗaga wa haske, ya sansana, ya ce, "Yaya, ƙasar da ya ratso ce ta rina shi, irin ruwan gulbi da damina. Mai tsarki ne." Gaskiyarsa, ruɓaɓɓen ciyayi ne da ya taru ya zama baƙar ƙasa a kan tsaunukan yake ba ruwan launi. Akan tace shi a kashe ƙwayoyin cuta kafin ya iso famfo, amma jarirai da masu laulayin ciki a saya musu na gora.

Masan gidan sokawe gare shi, ba ya ɗaukar komai sai takardar banɗaki. Ƙyallen goge jarirai ɗaya ya isa ya toshe shi, kuɗin ajiyarku ya tafi. Kada a zuba mai a magudanar kicin. In za a soya manja a buɗe taga a kunna fankar hayaƙi a rufe ƙofa, don ƙararrawar gidan a haɗe suke, ɗaya ta yi kuka duk su amsa. Kada a cire mata batir. Kada kuma a shigo da gawayi cikin ɗaki don ɗumi ko turare, gidajen nan a toshe suke ruf.

Dokar ƙasar ta 2003 ta ba kowa damar ratsa daji da tudu ko na wane ne, muddin bai yi ɓarna ba: a bar ƙyauren shinge yadda aka same shi, a nisanci tumaki masu 'ya'ya, kada a shiga lambun gidan mutane, kada a hura wuta a daji. Daga 12 ga Agusta ake fara harbin tsuntsaye, da kaka kuma farautar barewa ta kankama, sai a tambayi mai gida ko akwai ɓangaren da za a kauce wa.

Samari za su ce sai sun hau Ben Nevis. Tafiyar sa'a bakwai zuwa tara ce hawa da sauka, kuma duk mita 150 da aka hau zafi yana raguwa da kusan digiri ɗaya, ga hazo da ke rufe hanya cikin minti kaɗan. Sai da takalmin hawa, rigar ruwa, abinci, da duba hasashen yanayin tsauni a safiyar, kuma su faɗi lokacin dawowa. In an shiga matsala a kira 999 a nemi 'yan sanda, a ce ceton tsauni ake so. Rashin lafiyar da ba ta gaggawa ba kuma 111. Ruwan tafkunan yana da sanyin da ke ɗauke numfashi ko a Agusta, yara su tsaya iya gwiwa da babba a kusa. Kowane dare a duba jikinsu saboda kaska, bayan gwiwa, hammata da gefen gashi, a cire ta da ɗan hantsaki ba tare da an matse cikinta ba, kuma in jan zobe ya fito a wurin bayan kwanaki a ga likita.

Ranar fita

Ƙarfe goma na safe ake miƙa gida, kuma masu shara suna bakin ƙofa don wasu baƙin na shigowa da huɗu. Mutum 15 ba sa shiryawa cikin sa'a biyu, don haka a loda motoci tun dare, a bar kayan karin kumallo kawai. A raba shara yadda littafin gida ya ce, kwalba daban, takarda daban. A mayar da katifa da kujeru inda aka same su. Abin da aka fasa a faɗa da baki kafin a gano. Kofi ɗaya ko biyu yawanci ba sa caji. A sake ɗaukar hoton kowane ɗaki da na mita, a sa makulli inda aka ce.

Masu komawa gida su duba aljihunsu a hanya. Bankuna uku na Sikotland suna buga nasu takardun fam, darajarsu ɗaya da ta Bankin Ingila, amma ko a Landan wani mai kanti sai ya jujjuya su, balle ɗan canji a Wapa. A kashe su a gidan mai na garin Perth a hanyar komawa kudu, ko a musanya su a banki kafin a kai filin jirgi.